Kawu da Tashoshin da Ke Cikin Bugun Zuciya

Daga Allah muka zo, gare Shi kuma za mu koma, babba da yaro. Kawuna, yayan mahaifiyata, tsohon malamin lissafi, ya koma a ƙarshen daminar bana. A gonarsa ta Mbamba abin ya same shi, da hantsi, yana tsaye a bakin fadama yana duba shinkafa. Masu aikin gonar sun ce ya dafe ƙirji, ya zauna, bai sake tashi ba. Bayan azahar aka kai shi makwancinsa a Yola. Allah Ya gafarta masa, Ya haskaka kabarinsa.

Da masu zuwa gaisuwa zan fara, domin su suka sa ni wannan rubutu.

An kafa rumfa a ƙofar gidansa da ke Adarawo, an shimfiɗa tabarmi, an jera kujerun roba saboda waɗanda gwiwa ba ta barinsu zama a ƙasa. Ni a gidan rediyo aka koya mini sauraro kafin magana, don haka na koma gefe na kasa kunne. Wanda ya zo daga Jimeta da wanda ya fito daga cikin Yola, mai Hausa da mai Fulatanci, duk magana ɗaya suke juyawa.

"Mutuwar fuju'a ce. Ranar Laraba muka gaisa a masallaci, ya ce mini lafiya lau."

"Ai shi ba ya ciwo. Ka taɓa jin Malam ya ce kansa na sara masa?"

"Ko sau ɗaya. Munyal ke nan. Haƙuri irin na mutanen da."

Yabo suke yi, kuma da zuciya ɗaya. Duk wanda ya faɗa sai sauran su gyaɗa kai, a shafa fatiha, a miƙo ruwan sanyi. Ni kuwa ban gyaɗa ba. Mutumin da ya ƙarar da ƙarfinsa yana nuna wa mutanen garin nan, da lissafi, cewa "lafiya lau" ɗin da muke amsa wa juna ba shaida ba ce, shi ne yau ake yi wa ado da ita.

Ranar sadakar uku wani tsohon abokin aikinsa ya zo, farfesa, da babbar riga mai sitati da turaren da ya riga shi shiga rumfar. Ya ce an yi rashin fitila. Ya ce za su shirya lacca da sunan marigayi. Wannan bakin ne na taɓa ji a wurin wani suna a Jimeta yana kiran Kawu "boka mai kwamfuta", mutane suna dariya. Da zai tafi ya jawo ni gefe ya tambaya ko gidan rediyonmu zai ɗauki laccar, ya kuma jaddada mini yadda ake jera muƙamansa kafin a ambaci sunansa.

A cikin gida kuwa, matar Kawu tana zaune a takaba. Dada kowa yake ce mata, 'ya'yanta da mu da dangin miji. Tana da hawan jini mai tsanani, maganinta ya kusa ƙarewa, ranar ganin likitanta ta matso. Ƙanin marigayin, wanda muke kira Kawu Ƙarami, tsohon ma'aikacin gwamnati, shi ne babban gida yanzu, kuma ya riga ya yanke hukunci: mai takaba ba ta taka ƙofar gida. Zan dawo kan wannan. Sai an san wanda ya rasu kafin a gane abin da aka so yi a gidansa.

Kawu ba likita ba ne, kuma shi yake fara faɗin haka kafin wani ya faɗa. Lissafi ya karanta, lissafi ya koyar har ya yi ritaya. Akwai wani ɗaki a gefen zaurensa, mai taga ɗaya, inda ya ajiye kujerar katako mai hannu, tsohuwar kwamfuta, batirin mota guda biyu, da wani ɗan akwati mai wayoyi. Wayoyi uku ana manna su a wuyan hannu da idon sawu, su ɗauki bugun zuciya. Sai wani zobe mai hura iska da ake sa wa yatsa, shi kuma yana bin hawa da saukar jini a kowane bugu. Ya sha wahala kafin ya haɗa waɗannan kaya, wani a gwanjo, wani kyautar tsohon ɗalibi.

Shekarar da na fara aiki ya kira ni ɗakin.

"Kai ɗan rediyo, zo nan. Yanzu a ɗakin nan tashoshi nawa ne?"

"Babu ko ɗaya, Kawu. Rediyon a kashe yake."

"Rediyon ne a kashe. Tashoshin suna nan, sun cika ɗakin, ta Yola, ta Garwa, ta ƙetare, duk a cakuɗe a iska ɗaya. Me akwatin naka yake yi?"

"Yana ware su. Kowace da mitarta."

"To ka gama digiri. Tashi ka ba ni wuri."

Bai bar ni na tashi ba. Ya manna mini wayoyin, ya ce in yi shiru. Abin da ya nuna mini bayan nan shi ne aikin rayuwarsa, kuma zan faɗe shi yadda na fahimta. Ba bugun kansa yake kallo ba. Tazarar da ke tsakanin wannan bugu da na gaba yake aunawa, ɗaya bayan ɗaya, ya jera su. Kunne yana jin kamar tazarar ɗaya ce, amma ba ɗaya ba ce. Tana ɗan ƙaruwa, tana ɗan raguwa, sai layin ya fito a karkace kamar sawun maciji a kan rairayin Binuwai. A ido hayaniya ce kawai. Lissafin nasa shi yake yin aikin akwatin rediyo: ya ɗauki wannan layi ya ware igiyoyin da suka cakuɗe a cikinsa, kowace da saurin maimaituwarta, ya nuna ƙarfin kowace.

A fuskar kwamfutar sai ka ga tudu biyu, kamar duwatsun Bagale in ka hango su daga gada. Tudun dama na numfashi ne: in ka ja iska zuciya ta ɗan yi sauri, in ka sake ta ɗan lafa. Tudun hagu igiya ce mai jinkiri, tana zagayowa kamar kowace daƙiƙa goma, kuma ana ganinta a layin jini ma. Wannan, in ji shi, hira ce tsakanin jijiyoyin jini da zuciya. Jini ya hau, a gaya wa zuciya ta sassauta. Jini ya sauka, a ce ta ƙara. In ya ɗora layin jini a kan layin zuciya, yana iya auna ko zuciyar tana jin abin da ake gaya mata.

Na ce ni da na ɗauka zuciya mai lafiya ita ce mai bugawa daidai ba kuskure.

"Agogo ne yake bugawa daidai," ya ce, "shi ma don ba shi da rai. Zuciya mai lafiya ba soja ba ce, ba ta fareti. In ka ga ta fara fareti, ka ji tsoro."

Ya san janaretan kowane maƙwabci ba tare da ya leƙa ba, domin duk wanda aka tayar sai ya bar masa wani siririn layi a cikin aikin. Yakan ce na mai shagon ɗinki yana tari, a gaya masa ya canza mai. Ba ya shan shayi da sukari. Ba ya yarda a ce masa "kusan". In ka ce kusan, sai ya ce kusan daga sama ko daga ƙasa.

Babban abokin gabar aikinsa ba rashin wuta ba ne. Gaisuwa ce. Awon yana bukatar mutum ya zauna minti biyar, ba magana, ba motsi, yana numfashi yadda ya saba. Magana tana wargaza numfashi, numfashi ya wargaza tudun dama, aikin ya lalace. To a Yola wa zai ji sallama ya yi shiru? Tsoho yana zaune da wayoyi a jiki, wani ya leƙo ya ce "Jam?", wato lafiya, sai tsohon ya amsa, ya tambayi gida, ya tambayi yara, ya tambayi shanu, ya tambayi gajiyar shekaranjiya. Sau da yawa na ga Kawu ya dafe kai yana kallon layin yana tsalle. Daga baya ya fito da doka: in ka ga buta a tsaye a tsakiyar ƙofar ɗakin, kada ka yi sallama, in ka yi ma ba za a amsa ba.

Kawu Ƙarami ya zo wata safiya ya tarar da butar. Ya san dokar, amma ya ɗauka ta baƙi ce. Ya yi sallama, shiru. Ya sake, shiru. Ya ture butar da ƙafa ya shiga, ya ga wani baƙo a kujera da wayoyi a jiki, yayansa kuma zaune yana kallonsa ido cikin ido, yatsa a kan leɓe.

"Hamma," ya ce, wato yaya da Fulatanci, "ni kake yi wa haka? A gaban baƙo?"

"Ka ɓata mini minti huɗu. Fita ka dawo."

"Sallama fa na yi. Sallamar Musulunci."

"Za ta jira. Lada ba ya tsami."

Kawu Ƙarami bai sake taka gidan ba har damina ta wuce. Ya riƙa gaya wa dangi cewa boko ya cinye yayansa, har ya fifita waya a kan zumunci. Mahaifiyata ce ta shirya su da ƙyar. Sun shirya a baki. Butar dai ba a taɓa yafe mata ba.

Sai shekarar da mutanen Mubi da Michika da Madagali suka kwararo Yola suna gudun yaƙi. Wanda ya gani ba ya bukatar a ba shi labari. Mutane a bayan tifa, mutane a ƙafa, mata da ƙullin kaya a ka da yaran da ba duka ne nasu ba. Kowane gida mai zaure ya cika. Kawu ya buɗe nasa, ya kwashe littattafansa daga ɗakuna biyu ya tara a ƙarƙashin gado. Bai tambayi kowa addininsa ba, kuma da wani maƙwabci ya zo yi masa gargaɗi a kan haka, ya ce masa shi bai ga tudun addini a kwamfutarsa ba tukuna.

Bai fara auna kowa ba sai da suka nema da kansu, don sun ga 'yan unguwa suna shiga ɗakin. Mata kuwa ba ya taɓa su. Dada ce take manna musu wayoyin, ta gyara musu zane, ta zauna kusa da su har a gama. Da haka ta koyi ganin tudun nan biyu, ita da ba ta yi boko mai nisa ba.

A cikinsu akwai wata mata daga Michika, mai matsakaicin shekaru, wadda mijinta da babban ɗanta ba su iso ba, kuma ba su taɓa isowa ba. Ita take riga kowa tashi ta share tsakar gida. Ba wanda ya ga hawayenta. In ka gaishe ta sai ta ce, "Lafiya, Baba. Mun gode Allah." Matan unguwa suna misali da ita. Ranar da ta zauna a kujerar ina nan. Da lissafin ya fito, Kawu ya daɗe yana kallo, sannan ya fita ya zauna a gindin dogon yaro. Na bi shi.

"Babu tudu," ya ce. "Fadama ce shimfiɗe. Zuciyar matar nan fareti take yi. Tana tsaye a Yola, jikinta yana can yana gudu."

Ya ce kusan duk wanda ya auna a cikinsu haka ne, wani ya fi wani. Na ce kusan daga sama ko daga ƙasa. Bai yi dariya ba.

Ya kai matar asibiti da kansa. Da damina ta zo ya yanka mata wani yanki a gonar Mbamba, ya ce ta shuka abin da suke shukawa a gida, kuma ya hana a sake kiranta ɗakin awo. Bayan kaka ita ta zo ta tsaya a ƙofa.

"Baba, duba mini ko tashana ya dawo."

Dada ta manna mata. Tudu ya fito, ƙarami, kamar shurin gara.

"Ta fara kamawa," Kawu ya ce, "amma da shuu a ciki."

Matar ta yi dariya, karo na farko da na ji. Da na ce masa gonar ce ta yi magani, ya harare ni. Ya ce mutum ɗaya ba hujja ba ne, bai sani ba ko gona ce, ko maganin asibiti, ko lokaci, kuma in na kuskura na faɗa a rediyo zai ƙaryata ni da bakinsa.

A wannan lokacin ne farfesan nan mai turare ya tuna da hanyar gidan. Ya zo da wani baƙo daga wata ƙungiyar agaji, da mai ɗaukar hoto. Bokancin ya zama abin nunawa. Suna so a sake manna wa matar Michika wayoyin a ɗauke ta. Mai hoton ya dube ta ya ce zanen da ta ɗaura ya yi kyau da yawa, ko tana da wanda ta gudo da shi. Farfesan ya fassara mata ba tare da fuskarsa ta canza ba. Kawu bai ɗaga murya ba. Ya ɗauki butar nan ya miƙa wa farfesan, ya ce ga ruwa, ya wanke bakinsa kafin ya fita, kada ya ɗiga masa a zaure. Daga ranar ba su sake magana ba. Wannan shi ne mai shirya lacca.

Dada kuwa kowace safiyar Juma'a take zama a kujerar, shekara da shekaru. Shi ne zancensu na miji da mata. Tun ana yi don ya gwada na'urar har ya zama al'ada. A 'yan shekarun nan ya ga tuddanta suna raguwa, layin jininta yana hawa, zuciyar kuma ba ta sassautawa yadda ya kamata.

"Jininki yana ta sallama," ya ce mata, "zuciyarki ta daina amsawa."

"To ai a ɗakinka aka hana amsa sallama. Ta koya."

"Gobe za mu asibiti."

"Ni lafiyata ƙalau."

"Bakinki ne lafiyarsa ƙalau. Shi kam ban taɓa shakka ba."

Ya kai ta. Likita ya tabbatar da hawan jinin da nasa awon, ya ɗora ta a kan magani, ya ce a riƙa kawo ta ana duba jini da ƙoda, ana gyara maganin. Kawu bai taɓa bari ranar ta wuce ba. Ko lokacin da shingayen sojoji suka sa tafiyar da ba ta kai komai ba ta zama ta rabin yini, yana gaban keke mai ƙafa uku tana baya.

Yanzu na dawo inda na tsaya.

Bayan sadakar bakwai ranar likitan ta zo ta wuce. Mahaifiyata ta ga ƙafafun Dada sun kumbura, ta ga tana runtse ido in haske ya shigo. Aka kira likitan a waya, ya ce ba zai ce a ci gaba da tsohon maganin ba sai ya gan ta, a kawo ta ba da jinkiri ba. Mahaifiyata ta kai maganar gaban Kawu Ƙarami a zaure. Limamin unguwa yana wurin, aka tambaye shi, ya faɗa a fili: mai takaba tana iya fita da rana don lalura, ta dawo ta kwana a ɗakinta, kuma ciwo lalura ne.

"Liman ya faɗi na littafi," Kawu Ƙarami ya ce. "Ni ina faɗin na gidanmu. Uwarmu ta yi takaba ba ta ga titi ba. Ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba a ga matarsa a keke a Jimeta? Me mutane za su ce?"

"Hamma, in ta faɗi fa?" mahaifiyata ta ce.

"Wa ya ce ba ta da lafiya? Bari a tambaye ta."

Ya tashi ya tsaya a bakin labulen ɗakinta, mu duka muna bayansa.

"Dada, jam?"

Sannan daga ciki: "Jam."

Ya juyo ya buɗe hannuwa. "Kun ji da kunnenku."

Na daɗe ina aikin labarai, na karanta abubuwa marasa daɗi da murya daidai. Ban taɓa jin ƙyamar da na ji a bakin labulen nan ba. Ya san amsar da za ta bayar kafin ya tambaya. Kowa a wurin ya sani. Macen da ta tashi a Yola, tana takaba, ƙanin mijinta ya tambaye ta a gaban liman, ba ta da wata amsa sai wannan. Ya ɗauki kunyarta ya ɗaure ta da ita, ya kira abin shaida. A ƙofar ɗakin da ke kallon ɗakin awon yayansa. Matan dangi kuma suka bi da tafarnuwa da zoɓo marar sukari, kowace da labarin wadda ta sha ta warke, suna yaba mata yadda take daurewa.

Safiyar Juma'ar da ta biyo baya na zo gidan da wuri. Maza sun fara taruwa a tabarmin ƙofar gida, kamar yadda suke yi kullum har a yi arba'in. Na shiga zaure, sai na ga buta a tsaye a tsakiyar ƙofar ɗakin awo. Tun rasuwar ba wanda ya buɗe ɗakin. Na tsaya, ban yi sallama ba.

Dada ce a kujerar, cikin kayan takabarta, hannuwanta a kan hannun kujerar yadda ya koya mata. Ba waya a jikinta, kwamfutar a rufe da zane. Tana numfashi kawai. Na jira har ta gama, ta ɗago.

"Shigo, ɗan rediyo. Kai kam ka san dokar."

Na zauna a ƙasa. Ta ce akwai abin da za ta gaya mini, kuma in na ga dama in rubuta.

"Farkon daminar nan ya ce in manna masa. Bai taɓa cewa ba. Kullum shi ne mai kallo. Na manna, na sa buta, muka yi shiru. Da ya fito na leƙa ta kafaɗarsa. Ni ba lissafi na sani ba, amma na shekara nawa ina ganin tudun mutane? Babu. Fadama ce, irin ta matar Michika ranar farko."

"Me ya ce?"

"Ya ce na'urar ta tsufa. Na ce jiya ta auna ɗan maƙwabci daidai. Ya ce to bayan girbi zai je. Ya ce kada in gaya wa kowa, kada a ce mai auna mutane ya kwanta. Da ya kai ni asibiti likita ya dube shi ya ce, Malam, kai fa? Ina zaune. Ya ce lafiya lau."

Ta'aziyya nake rubutawa, na san ana son a rufe irin wannan. Ba zan rufe ba, don shi ma da ba zai yarda a ce "kusan" a kansa ba. Mutuwarsa ba fuju'a ba ce a wurinsa. Ajali na Allah ne, ban ce asibiti zai ƙara masa kwana ba, shi da kansa zai ce bai sani ba. Amma ya ga abin da ya gani, da lissafin da ya fi yarda da shi a kan bakin kowa, ya tashi ya amsa wa likita da amsar da ya yi shekaru yana yaƙi da ita. Har yau in na tuna raina yana ɓaci da shi, kuma ina kewarsa a lokaci ɗaya.

Dada ta dafa hannun kujerar ta miƙe a hankali.

"Kirawo mini keke."

Na je na kirawo, na dawo. Mahaifiyata ta riƙe ta a gefe ɗaya. Muka ratsa zaure muka fito. Kawu Ƙarami ya miƙe, carbi a hannu.

"Dada! Jam dai?"

"Ba jam ba," ta ce. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta kuma sunkuyar da kai ba. "Kaina yana sarawa. Ƙafata ta kumbura. Idona yana gani dishi-dishi. Yayanka ma ba jam ba ne, tun farkon damina. Kun tambaye shi, ya ce jam, kuka wuce."

"Ki ji tsoron bakin mutane, Dada. Kin san abin da za a ce."

"Na sani. Ina ɗaki ina jin abin da aka ce a kansa. Mai haƙuri, bai taɓa cewa kansa na ciwo ba. Ba na so a faɗa a kaina."

Liman ne kawai ya janye ƙafarsa daga hanya. Ta hau keken.

Likita ya riƙe ta har la'asar, ya canza maganin, ya ce da an ƙara jinkiri da labarin ya bambanta. Kafin magariba tana ɗakinta, ta ci gaba da takabarta. Tun daga ranar Kawu Ƙarami yana amsa gaisuwata da kai kawai. Laccar farfesa kuma an ce tana nan tafe, an buga hotonsa babba, na marigayin ƙarami a gefe.

Wanda ya san Kawu, in zai tuna shi, ya tuna ɗakunan da ya buɗe shekarar gudu, da yankin gonar da har yau matar Michika take nomawa, da matarsa da ya nuna wa tudu har ta iya gane fadama. Kada a yabe shi da haƙurin ciwo a gabana. Allah Ya jiƙan Kawu, Ya sa ya huta, Ya yafe masa ƙaryar nan guda ɗaya da mu duka muka koya masa.